Ga ƙanena na Daura mai shirin ajiye kwamfuta

Salamu alaikum ƙanena. Saƙonka ya same ni lafiya. Ka ce kana aji uku a karatun injiniyan kwamfuta, abin ya fita ranka, kana so ka koma nazarin hulɗar ƙasa da ƙasa, daga baya in nema maka hanya ka biyo ni Janiba, birnin Suwizalan inda hedikwatar Ƙungiyar Ciniki ta Duniya take, ka yi aikin sasanta cinikayya tsakanin ƙasashe. Don Allah kada ka ajiye karatun nan. Kammala shi tukuna.

Ni ma da kwamfuta na fara, ka sani. Shekara da shekaru ina gyaran manhajar da ke sarrafa takardun shigo da kaya, ban taɓa kawo wa raina diflomasiyya ba. Wata rana aka sa ni in raka manya wani zama don in riƙe musu alƙaluma kawai. Lauyoyi suka wuni suna ja-in-ja kan sakin layi guda, wai a riƙa karɓar takardar shaidar asalin kaya ta intanet. Da aka tambaye ni, na ce in na'urar wannan ƙasa ba ta gane sa hannun na'urar waccan ba, direba zai kwana a bakin iyaka ko da shugabanni goma sun rattaba hannu. Aka yi tsit. Tun daga ranar ake kirana zama.

Kuma ba ni kaɗai ba ne. Roberto Azevêdo na Brazil injiniyan lantarki ya karanta kafin ya shiga aikin jakadanci a 1984, shi ne ya shugabanci Ƙungiyar Ciniki ta Duniya daga 2013 zuwa 2020, kafin Ngozi Okonjo-Iweala ta karɓa a 2021.

Dubi irin abin da ake fafatawa a kai. A 1998 ƙasashen ƙungiyar suka amince ba za su ɗora harajin kwastam kan abin da ake aikawa ta intanet ba, aka yi ta sabunta alkawarin a taro bayan taro. Indiya da Afirka ta Kudu suka riƙa cewa ƙasashe masu tasowa na asarar kuɗin shiga, don littafin da a da yake zuwa a kwali a biya masa haraji yanzu ta waya yake shigowa. Manhajar da aka sauke, kaya ce ko hidima? Bayanan masu saye, dole ne a adana su cikin ƙasa? Wanda bai san yadda bayanai ke tafiya daga na'ura zuwa na'ura ba, sai dai ya maimaita abin da aka rubuto masa. Yana ƙona mini rai in ga wakilan ƙasashe masu arziki sun zo da ƙwararru a bayansu, namu kuwa mutum ɗaya ne ke gudu tsakanin ɗakuna uku. Yarjejeniyar ciniki maras shinge ta Afirka, wadda Najeriya ta sa wa hannu a Yamai a 2019, ita ma tana da ɓangaren cinikin intanet, kuma masu aiwatar da shi irinka ake nema.

Makarantarka ta farko tana bayan gida. Hau mota ka je Kongolam, bakin iyakarmu da Nijar, ka wuni. Kalli tireloli a jere, direbobi sun shimfiɗa tabarma a inuwar mota, ɗan kamasho na zirga-zirga da takardu a leda. Tambaye su takarda nawa ake nema, wacce ce ke cin kwana. Shiga kasuwar Mai'aduwa ka ji daga bakin dillalan shanu yadda suka ji a jikinsu da aka rufe iyaka a Agustan 2019, da kuma bayan juyin mulkin Nijar a 2023.

Sai Faransanci. Harsunan aikin Ƙungiyar Ciniki ta Duniya uku ne: Turanci, Faransanci da Sifaniyanci. Damagaram da Maraɗi suna kusa da kai, ka fara tun yanzu. Ni sai da na girma na koya, na sha wuya ƙwarai.

Zan faɗa maka gaskiya kan Janiba. Kuɗin hayar ɗaki guda ya isa ya tayar maka da hankali, wasu hukumomin kuma ba sa biyan masu koyon aiki ko sisi. Aikin kansa na mai haƙuri ne: yarjejeniyar sauƙaƙa fiton kaya an cimma ta a Bali a 2013, ba ta fara aiki ba sai 2017. Kai da ka saba ka rubuta umarni ka ga sakamako nan take, za ka yi wata shida kan kalma ɗaya. Don haka kada ka taho sai da gurbin digiri na biyu mai tallafi a hannu, bayan ka yi hidimar ƙasa ka kuma taɓa aiki.

In ka dawo daga Kongolam, rubuto mini abin da ka gani, mu duba ko zai zama aikinka na kammala digiri. Ka gaida Hajiya, ka ce mata ina nan tafe da babbar sallah in Allah ya yarda.