Sabuwar waya ta zo: kada a saki tsohuwar tukuna

Duk lokacin da aka sayar da amfanin gona, ko sallah ta gabato, tambayoyin canza waya ne ke cika mini akwati. Na zaɓo huɗu a wannan makon.

Tambaya: Malam, ni ɗan kasuwa ne a Daura. Wayata ta shekara huɗu, ta fara nauyi, ina so in bayar da ita in yi ciko in karɓi sabuwa. Lambobin abokan cinikina na Mai'adua da Damagaram duk suna ciki, haka ma lissafin bashi a WhatsApp. Ta ina zan fara?

Amsa: Alhaji, Allah ya sanya alheri. Kafin mu taɓa lambobi, ni ma ina da tambaya: ka san adireshin Gmail ɗin da ke kan wayar, da lambar sirrinsa? Idan amsar ita ce "yaron shago ne ya buɗe mini," to daga nan za mu fara.

Kwanakin baya wani dattijo ya same ni da waya biyu, tsohuwa a aljihun gaba, sabuwa cikin leda. Na tambaye shi lambar sirri, ya yi shiru yana shafa gemu, can ya ce ai yaron ya rubuta masa a jikin kwali. Ina kwalin? Jikoki sun yi mota da shi tun bara waccan. Abin da ya cece mu shi ne tsohuwar wayar na nan da rai kuma asusun a buɗe yake a kanta, sai Google ya turo tambayar tabbatarwa can, muka sa sabuwar lambar sirri. Da muka leƙa wurin lambar wayar da ake dawo da asusu da ita, ashe ta yaron shagon ce. Ka duba naka yau: shiga setin, ka nemi Google, ka karanta adireshin, ka tabbatar layinka ne a wurin. Lambar sirrin kuma a rubuta a littafi, a ajiye inda ake ajiye takardun gida.

Sai lambobi. Wuri uku suke zama: kan sim, cikin wayar kanta, ko cikin asusun Google. Sim ba ya ɗaukar da yawa, galibi bai wuce 250 ba. Waɗanda ke cikin wayar kuwa, da ita za su tafi. Ka buɗe manhajar lambobi ka kwashe su duka zuwa asusun Google. Don ka tabbatar, buɗe contacts.google.com ka nemi mutum biyu ko uku da ka ajiye kwanan nan. In ka gan su, ranar da ka sa Gmail ɗin a sabuwar waya da kansu za su sauko.

WhatsApp ne wurin da aka fi yin kuka. Hanya biyu ce. Ta farko, ka shiga setin ɗinsa, ka taɓa Chats, ka ajiye kwafin hirarrakin a Google Drive. Google na ba kowa wurin ajiya na 15 GB kyauta, amma Gmail da hotuna da Drive ne ke rabonsa, kuma tun farkon 2024 ajiyar WhatsApp ma a ciki ake lissafa ta. Bidiyon wa'azi da na biki da ake ta turowa a guruf su ke cinye wurin, don haka ka cire bidiyo daga ajiyar in ba dole ba. Hanya ta biyu ta fi mini, musamman ga mai tattalin data: a wurin Chats ɗin akwai Transfer chats. Ka ajiye wayoyin kusa da juna, sabuwar ta nuna hoton lambar QR, tsohuwar ta ɗauka, hirarrakin su ƙaura kai tsaye. Sharaɗi dai lambar wayar ta zama ɗaya.

Ga tarkon. Lokacin da ka sa WhatsApp a sabuwar waya, sau ɗaya zai tambaye ka ko a dawo da tsofaffin hirarraki. Mai gaggawa sai ya danna tsallakewa. In ka yi haka, maza ka goge manhajar ka sake saukewa, domin da zarar sabuwar ta yi tata ajiyar, za ta hau kan tsohuwar ta danne ta. Idan kuma GB WhatsApp kake amfani da shi, da sauran rina a kaba: ba na kamfanin ba ne, ajiyarsa ba ta tafiya lami lafiya, kuma ana iya rufe lambar mutum a kansa. Lissafin bashin nan, ni dai da ni ne, sai na kwafe shi a takarda tukuna.

Maganar ciko kuwa, kada ka yarda da miƙo-in-miƙa. Ko ka roƙi mai shago kwana ɗaya, ko ka nemi benci ka zauna a nan har a gama. Sakin na hannu kamun na guje ba ciniki ba ne.

Tambaya: Ɗana ya aiko mini da iPhone ɗin da ya yi amfani da ita daga Ingila, ni kuma Tecno na saba da ita. Hirarrakina za su biyo ni? Daga wata uwa a Ƙofar Ƙaura, Katsina.

Amsa: Hajiya, za su biyo ki, amma ba ta Google Drive ba, don iPhone ba ta karanta wannan ajiyar. Manhajar Move to iOS za a sa a Tecno ɗin, kuma sai iPhone ɗin tana a goge kamar sabuwa, a shafin farko na kunnawa. In an riga an fara amfani da ita, sai an sake gogewa. Ki sa wayoyin biyu a caji, aikin yakan ɗauki lokaci. Kafin komai ki kira yaron ya cire asusunsa na Apple daga kanta, in ba haka ba, bayan gogewa lambar sirrinsa za ta riƙa nema, kuma mai gyara ba shi da dabarar kirki a kai. Ki kuma sani 5 GB kawai iCloud, ma'ajiyar Apple ta intanet, ke bayarwa kyauta, hotunan biki ɗaya sun isa su ci rabinsa.

Tambaya: Ni ɗaliba ce a Jami'ar Umaru Musa 'Yar'adua. Zan ba ƙanena tsohuwar wayata. Idan na goge hotuna da saƙonni ɗaya bayan ɗaya ya wadatar?

Amsa: Bai wadatar ba, 'yar'uwa, kuma yana iya jawo miki asara. In hotunanki na hawa Google Photos, duk wanda kika goge daga cikin manhajar zai ɓace a asusun gaba ɗaya, har a sabuwar wayar. Wanda aka goge ɗin ma yakan zauna a kwandon shara na makonni, inda yaro mai ƙiriniya zai tono shi cikin minti biyu.

Ki fara da banki. Ki sa manhajar bankinki a sabuwar waya, ki shiga, ki tura wa kanki ko naira ɗari ce don gwaji, saboda wasu bankunan na ɗaure asusu da waya guda, sai sun turo lamba ta layinki kafin su yarda da wata. In kina amfani da Google Authenticator, manhajar da ke ba da lambobin tabbatar da shiga asusu, shi ma ki ƙaurar da shi. WhatsApp kuma, in kin taɓa sa masa lambar sirri mai lamba shida kin manta, yanzu ne lokacin canza ta a tsohuwar waya, in ba haka ba kina iya jiran kwana 7 kafin ya buɗe a sabuwar.

Bayan nan ki zare sim da katin mamori. Sai ki cire asusun Google daga setin, sannan ki mayar da wayar yadda ta fito daga kamfani. Jerin nan na da dalili: tun Android 5.1, a 2015, wayar da aka goge da asusu a kanta tana iya tsayawa ta ce sai an sa Gmail ɗin mai ita na farko. An yi haka ne don ɓarayi, amma 'yan gida ya fi kamawa.

Tambaya: Ta hannu zan saya. Me zan duba? Daga wani mai ɗinki a Ƙofar Marusa.

Amsa: Maigida, danna *#06#, lambar IMEI, wato lambar shaidar wayar, za ta fito. Gwada ta da ta jikin kwali, kuma a rubuta ta a rasit tare da sunan shagon. Ka sa a goge wayar a gabanka, a kunna, ka ga ta wuce shafin farko ba ta nemi asusun wani ba. Sa layinka a ramukan sim ɗin duka biyu ka yi kira, ka jona caja ka ga tana ɗauka. Mai sayarwar da ya ce sauri yake yi, ba zai iya jiran wannan ba, bar masa kayansa ka leƙa shago na gaba.