Ruwa nawa shukar bokiti take buƙata?

Tambaya: Malam, na shuka tumatir da attaruhu a bokitai a tsakar gidana a nan Kano. Safe da yamma nake ba su ruwa, amma ganyen ƙasa ya koma ruwan ɗorawa, shukar kuma sai yaushi take yi. In ƙara ruwan ne?

Amsa: Malama, dakata da ƙarin tukuna. Ɗaga bokitin ki duba gindinsa. Idan babu huji, ko ƙasa ta toshe shi, to ruwa ne ya kwanta a ciki. Saiwa tana buƙatar iska, in ta daɗe a taɓo sai ta ruɓe ta kasa jan ruwa, ganye ya yi yaushi tamkar mai jin ƙishi. Nan mutane ke ruɗewa su ƙara zubawa har shukar ta mutu. Huda gindin wuri 5 ko 6, ki ɗora bokitin kan bulo.

Babu awo ɗaya da zai yi miki duk shekara. Tura yatsa cikin ƙasar har gaɓa ta biyu: in kin ji danshi, bari sai gobe, in ta bushe, zuba. Idan kuma za ki zuba, ki zuba a hankali a gindin shukar har sai ruwa ya ɗigo ta ƙasa. Yayyafin da ake yi da ɗan kofi ba na sonsa ko kaɗan, don saman ƙasa kawai yake jiƙawa. Zubawa har ya fita kuma tana wanke gishirin takin zamani da na ruwan burtsatse, wato farin nan da ke bayyana a bakin bokiti.

A bazara, daga Maris zuwa Mayu, lokacin da zafin Kano ke haura 40 a ma'auni, babban tumatir a bokiti mai lita 20 zai iya neman ruwa sau biyu a rana. Da hunturu ma a riƙa dubawa, iskar tana busar da ƙasa ko da ana sanyi. Da damina sai a yi kwanaki ba a zuba ba. Tukunyar ƙasa ta fi roba saurin bushewa, baƙin bokiti kuwa yana gasa saiwa a rana, ki naɗe shi da buhu, ki rufe saman ƙasar da ɓawon gyaɗa. Sassafe ya fi dacewa da ban ruwa.

Tumatir ba ya son yau a cika shi, gobe a manta da shi. Hakan ne ke fasa 'ya'yan, ko ya baƙanta gindinsu. Buƙatar ruwan attaruhu ba ɗaya ba ce da ta tumatir, saboda haka kowane bokiti ki gwada shi daban. Ruwan wanki mai omo kuwa kada ya kusance su.