Kun Tambaya: Dattijan da ke tallan tsohon jirgin ƙasa a baje kolin ƙauye

TAMBAYA: Salamu alaikum Malam, ya aiki ya iyali. Ni ɗalibi ne a nan Ingila, shekarata ta biyu kenan. Ran Asabar ɗin da ta wuce wani abokina Bature ya ja ni baje kolin manoma a ƙauyensu, irin wanda ake kawo shanu da tumaki a yi gasa, ga taraktoci ga masu sai da zuma da cuku, to muna cikin zagayawa sai muka faɗa wata rumfa, dattijai uku da wata tsohuwa sun kafa tebur sun ɗora ɗan jirgin ƙasa na wasan yara yana ta kewaye, ga takardun talla ga kofuna da huluna na sayarwa, ga bokitin jefa taimako. Ɗaya daga cikinsu, farcensa duk baƙin maiko, ya tsare ni kusan rabin awa yana ban labarin wani tsohon jirgi mai kwal da suke tuƙawa, ƙarshe ya ce in zo ran Lahadi in taya su aiki. Na ce nawa ake biya? Sai suka kwashe da dariya wai ba ko sisi, shayi ne kawai da biskit, shi wai shekara ashirin yana yi a haka. Malam abin ya ɗaure min kai wallahi. Gaskiya ne ba a biyansu ko dai akwai lauje cikin naɗi? Kuma in je ko in share? Mu a gida me ya sa ba mu da irin wannan? Daga ɗalibinka a Ingila.

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan uwa, Allah ya ba da sa'ar karatu. Babu lauje babu naɗi, gaskiya suka faɗa maka, kuma in ka bibiya ma za ka tarar su ne suke biya, don a da yawa daga irin layukan nan ɗan sa kai sai ya yanki katin zama ɗan ƙungiya duk shekara kafin a bar shi ya taɓa ko tsumma. Manyan layukan suna da 'yan ma'aikata masu albashi a ofis da gareji, amma direba da mai zuba kwal da mai duba tikiti da mai sai da shayi a tasha, galibinsu aikin gayya ne.

Abin ya samo asali ne daga wani ɗan layi a ƙasar Wales da ake kira Talyllyn. An shimfiɗa shi a 1865 don kwaso dutsen nan mai kama da allo da Turawa ke rufin ɗaki da shi, daga ma'adinar Bryn Eglwys zuwa garin Tywyn a bakin teku, ɗan siririn layi ne, faɗinsa ƙafa biyu da inci uku kacal, tsawonsa yau mil bakwai da ɗoriya. Ma'adinar ta rufe a 1946, amma mai layin, Sir Henry Haydn Jones, ya ce muddin yana raye jirgin ba zai tsaya ba, kuma ya cika alkawari har ya rasu a 1950, lokacin layin duk ciyawa ta cinye shi, kan jirgi ɗaya ne ya rage mai motsi, sunansa Dolgoch. Da a ce an bi yadda aka saba da sai dai 'yan gwangwan su zo su auna ƙarfen. Sai wani marubuci kuma injiniya, Tom Rolt, ya kira taro a Birmingham a watan Oktoba na wannan shekarar, aka kafa ƙungiya, ranar 14 ga Mayu 1951 suka tada jirginsu na farko, shi ne layin dogo na farko a duniya da 'yan sa kai suka karɓa suka ci gaba da tafiyarwa. Dolgoch ɗin nan da aka ƙera a 1866 har yau ana hura masa wuta yana jan fasinja.

Daga nan abin ya yaɗu. Layin Bluebell a yankin Sussex ya buɗe a 1960. A 1963 rahoton Dokta Beeching, shugaban hukumar jiragen ƙasa na lokacin, ya fito aka shiga rufe ƙananan layuka da tashoshi bila adadin, a watan Agustan 1968 kuma hukumar jiragen ƙasa ta Birtaniya ta yi sallama da jirgi mai kwal a manyan layukanta, to ka ga ga layuka a yashe ga kawunan jirage ana kaiwa yanka. Akwai wani mai sana'ar gwangwan a Barry, kudancin Wales, Dai Woodham, shi ya ga yanka taragun kaya ya fi masa sauƙi da saurin kuɗi sai ya bar kawunan jiragen a jere suna shan ruwan sama shekara da shekaru, ƙungiyoyi suka dinga karo-karo suna zuwa suna saye ɗaya bayan ɗaya har aka fitar da 213 daga filinsa. Ba mamaki wanda dattijon nan ya cika maka kunne da shi daga can ya fito. Yanzu irin layukan nan a Birtaniya sun haura ɗari.

To me ya kai su baje kolin shanu da tumaki? Kuɗi dai suna nema kam. Tukunyar jirgi mai kwal, wato inda ruwa ke tafasa ya ba da tururi, duk kamar shekara goma dole a ciro ta a warware a duba a gyara kafin a sake ba da izinin hura mata wuta, kuma aikin nan na cin kuɗi ba na wasa ba, kan jirgi sai ya shekara biyar a gareji yana jiran layi. Ga matsalar kwal, ma'adinar Ffos-y-fran da ke kusa da Merthyr Tydfil wadda da yawansu suka dogara da ita ta rufe a Nuwamban 2023, ƙasar da ta sayar wa duniya kwal yau ita ke sayowa daga waje don ta tada jirgin yawon buɗe ido, duniya kenan. Amma ka lissafa da kanka, kofi nawa da hula nawa za a sayar a wuni ɗaya su sayi tan ɗaya na kwal? Bokitin nan da ka gani da ƙyar zai biya kuɗin rumfar da man motar da ta kawo su.

Ni a ganina kai suka fito nema. Ka ce dattijai uku da tsohuwa, to matsalar tasu kenan a zaune a kan kujera. Waɗanda suka taso suna ganin jirgi mai kwal da idonsu kafin 1968 yanzu galibinsu sun ba saba'in baya, gwiwa ta fara ciwo, kuma aikin ba na a karanta a littafi ba ne, sai an tsaya kusa da wanda ya iya. Baje kolin ƙauye kuwa nan ne ake samun manomi mai walda, da makanike, da yaran makaranta da iyayensu, mutanen da layin ya ratsa ta bayan gonarsu amma ba su taɓa hawa ba don suna ganin na baƙi ne. Ɗan jirgin wasan da ke kan tebur tarko ne na yara, yaro ya tsaya dole uba ya tsaya, uba ya tsaya an samu wanda za a miƙa wa takarda. Kai kuma matashi da ƙarfinka ka zo ka tsaya kana tambaya, ai tsuntsu daga sama gasasshe, rabin awa ma sun yi maka da sauƙi.

Batun zuwa, ni dai na ce ka je, amma kar ka je da tunanin ran Lahadi za a ba ka tuƙi. A ɓangaren kan jirgi daga mai goge-goge ake farawa, ka zo da asuba cikin sanyin nan nasu, a ba ka tsumma da mai ka goge tagulla, ka shiga rami ƙarƙashin jirgi ka kwashe toka, a cusa tsumma mai kananzir da itace a murhu a kunna, sannan a zauna awanni ana jiran allurar agogon tururi ta ɗaga. In ka daɗe ka ci jarrabawa ka zama mai zuba kwal, daga nan direba, abin na ɗaukar shekaru, da gwajin lafiya da na dokokin layi, don ko da yake gudunsu ba ya wuce mil 25 a awa, hukumar ORR mai sa ido kan manyan jirage ita ke sa ido a kansu su ma. In toka ba ta yi maka ba akwai shagon tasha da gyaran layi da fentin tarago. Abu ɗaya dai, tunda bizar ɗalibi gare ka mai iyakar awa 20 na aiki a mako lokacin karatu, kuma dokarsu ta bambanta taimakon sa kai da aikin da ba albashi, ka leƙa ofishin ɗalibai 'yan ƙasashen waje na makarantarku su fayyace maka kafin ka sa hannu a kowace takarda.

Tambayarka ta ƙarshe kuwa ta taɓa min inda ke min ƙaiƙayi. Mun taɓa yin ɗan'uwan Talyllyn sak, Bauchi Light Railway, siririn layi mai faɗin ƙafa biyu da rabi da ya tashi daga Zariya ya hau tsaunin Jos har Bukuru a 1914 don kwaso kuza, su dutse mu kuza. An rufe shi a 1957, shekara shida kacal bayan su Rolt sun ceto nasu, abin da ya rage sai 'yan kawunan jirgi da ke ajiye a gidan tarihi na Jos. Ba don ba mu san gayya ba ne, mu da ke taruwa mu yi wa maƙwabci noma mu gina masallaci da hannunmu. Su can akwai ɗan fansho da ke da abin sawa a baki da lokacin ɓatarwa, namu ɗan fanshon reluwe yana can yana bin haƙƙinsa, ta ina zai fara goge tagulla kyauta.

In za ka je ka sa kayan da ba ka so, ka nemi takalmi mai ƙarfe a baki, ka riƙe abincinka don a kantin tasha naman alade ba ya wuya, sannan ka rubuto mana yadda ta kaya da dattijon mai baƙin farce.