Me ya sa yunwa ke ɗaukewa bayan gudu mai tsanani?

Ɗan'uwa, ka ce in ka dawo daga filin ƙwallo ko tuwo ba ka iya kallo. Ba ciwo ba ne, kwantar da hankalinka. Idan tsoka ta sha wuya takan fitar da sinadarin laktet, shi kuma ya haɗu da fenilalanin (wani sinadari da ke cikin furotin) su zama sinadarin da ake kira Lac-Phe. A 2022 masu bincike na Jami'ar Stanford a Amurka suka gano yana ƙaruwa a jinin ɓeraye da dawakin sukuwa da mutane bayan motsa jiki. Ɓeraye masu ƙiba da aka yi wa allurarsa sun rage ci sosai. Gudun tsere ya fi tattaki ƙara yawan Lac-Phe. Sha ruwa tukuna, yunwar za ta dawo da kanta.