Amsa ga ɗiyata kan namijin goro

Ɗiyata, Allah ya yi miki albarka. Kin tambaye ni me ya sa muke cewa namijin goro, alhali malaminku na jami'a ya ce ba ya da alaƙa da goro, kuma ko hakan na nufin magabata sun yi kuskure.

Malaminku bai yi ƙarya ba. A wurin masana goro Cola nitida ne, namijin goro kuwa Garcinia kola, danginsu ma daban. Sai dai kakanninki ba asalin itace suke bi ba, abin da baki ya ɗanɗana da amfanin abu suke dubawa. Ana tauna shi kamar goro, a faifan mai goro ake sayensa, amma ya fi tauri da ɗaci, sai aka ce namiji. Haka aka yi wa namijin kaɗe, mai kama da kaɗanya amma ba daga gare shi ake samun man kaɗe ba.

Su masana tsarin Carl Linnaeus, mutumin Suwidin, suke bi tun 1753: kowane tsiro suna biyu, na farko na gidansu, na biyu nasa na kansa. Fure da iri suke dubawa, yanzu kuma har da ƙwayoyin gado. Da wannan ma'auni goro, kuka, kuɓewa, yakuwa, rama da auduga duk dangi ɗaya ne, Malvaceae. Idan damina ta sauka ki ɗora furen kuɓewa kusa da na auduga, za ki gani da idonki. Ilimi ne na gaske, ki riƙe shi da kyau.

Abin da ke ci mini rai shi ne yadda yaranmu ke haddace Faidherbia albida su manta gawo. Sunan nan na Faidherbe ne, wanda ya yi gwamnan Faransa a Senegal zamanin mulkin mallaka, kamar yadda ɗorawa ta zama Parkia saboda Mungo Park, Baturen da ya bi Kogin Kwara. Amma manomin Daura ne ya san gawo yana zubar da ganye da damina, ya yi kore da rani, shi ya sa ba ya sare shi a gonar gero, kuma awakinsa na cin 'ya'yansa lokacin da ciyawa ta ƙare.

Idan kin zo hutu mu je kasuwa wurin masu saiwoyi. Ki zo da littafinki, su faɗi sunayen, ke ki nemo na masana ki rubuta a gefe. Ki gaishe da mahaifiyarki.