Cajin wayata na zubewa da dare alhali ban taɓa ta ba: kutse aka yi min?

Tambaya: Assalamu alaikum Injiniya. Ina sana'ar hatsi a wani ƙauye da ke bayan Funtuwa. Ba mu da wuta, sai na kai waya shagon caji na biya. Nakan kwanta tana da kashi 80, in tashi da asuba in tarar ta koma 45, kuma wallahi ban taɓa ta ba. Na kai wa mai gyara, ya tura min wata manhajar share waya da sanyaya batir, ya ce in riƙa goge duk abin da ke buɗe kafin in kwanta. Abin sai ƙaruwa ya yi. Yanzu ya ce sai an yi wa batirin shokin. Wani abokina kuma ya ce kutse aka yi min, ana sauraro na. Asusun bankina yana cikin wayar, hankalina a tashe yake. Ina mafita?

Amsa: Wa alaikumus salam Malam. Ka kwantar da hankalinka tukuna. Zubar caji da dare ita kaɗai ba hujjar kutse ba ce. Abin da bayaninka ya nuna min shi ne wayarka ba ta samun barci, kuma ina kyautata zaton abin da aka saka maka da sunan magani yana cikin masu hana ta.

Tun daga Android 6.0 na shekarar 2015 Google ya saka wani tsari mai suna Doze, wato gyangyaɗi. Idan ka cire waya daga caji, fuskarta ta mutu, ka ajiye ta wuri ɗaya ba motsi, bayan ɗan lokaci sai ta datse wa manhajoji hanyar intanet, ta jinkirta ayyukansu, ta yi biris da roƙon da suke yi na a bar furosesa, wato ƙwaƙwalwar wayar, a farke. Jefi-jefi takan buɗe musu ƙofa na ɗan lokaci su aika abin da suka tara, ta sake rufewa, kuma yayin da dare ke tsalawa tazarar buɗewar tana ƙara nisa. A 2016 Android 7.0 ya ƙara da gyangyaɗi mai sauƙi wanda ke aiki ko waya tana aljihu kana tafiya. Barcin zomo ne dai: kira yana shiga, tes yana shiga, ƙararrawar asuba tana bugawa, saƙon WhatsApp ma yana isowa domin ta wata hanya ta musamman ta Google yake ƙwanƙwasawa.

Rediyon wayar, wato sashen da ke magana da ƙarfen sabis, shi ma haka yake yi. A kan 4G, idan ba a aika komai, yakan kashe kunnensa ya buɗe sau ɗaya cikin daƙiƙa ɗaya da 'yan kai, ya ji ko ƙarfen sabis na neman sa, ya koma. Amma da zarar wata manhaja ta aika ko da ɗan ƙanƙanen saƙo ne, rediyon ba ya komawa barci nan take, yakan tsaya a farke na kusan daƙiƙa goma ko za a ƙara. Ka riƙe wannan, domin a nan cajinka yake tsiyayewa. Manhajar da ke leƙa intanet kowane minti biyu ta fi cutar batir a kan wadda ta sauke abu mai nauyi sau ɗaya ta yi shiru.

To mu zo kan manhajar share waya, abin da ke ci min tuwo a ƙwarya.

Babu ranar da za ta fito ta faɗi ba a kawo min waya ɗauke da irin wannan tarkace ba. Hoton tsintsiya, hoton roka, hoton fanka mai juyawa wai tana sanyaya batir. Malam, fanka ce ta zane a kan gilashi, iskar me za ta bayar? Mutum ya danna, lambobi su yi ta gudu, a rubuta masa an share megabait kaza, ya ji sanyi a ransa. Ga abin da ya faru a zahiri. Manhajojin da ka gani a jere idan ka danna maɓallin da ke nuna waɗanda ka buɗe baya-bayan nan, mafi yawansu a daskare suke cikin RAM, wato wurin da waya ke riƙe abin da take aiki da shi na ɗan lokaci, ba sa cin komai. RAM cike take ko wofi, wutar da take sha kusan ɗaya ce. Idan tsintsiyar ta kore su, waɗanda dole su zauna, kamar masu karɓar saƙo, sai tsarin wayar ya sake tayar da su daga tushe. Furosesa ta farka, a karanto su daga ma'ajiya, su kunna rediyo su sake ƙulla alaƙa da sabar kamfaninsu, wato babbar kwamfutarsa, rediyon ya yi zaman jiransa na daƙiƙa goma. Can an jima tsintsiya ta sake kora, su sake tashi. Kamar mai shago ne da ke kashe janareto yana tayarwa kowane minti biyar wai yana tattalin mai.

Kuma ita kanta tsintsiyar ta yaya za ta san lokacin shara idan ba a farke take ba? Shi ya sa ranar da aka saka ta, abu na farko da take nema shi ne ka cire ta daga jerin waɗanda Doze ke kwantarwa. Ka danna "na yarda" ba tare da ka karanta ba, ko mai gyaran ya danna maka. Daga ranar ta samu lasisin kwana a farke, tana sauko da tallace-tallace da datarka.

Wannan ba ra'ayina ba ne ni kaɗai. A 2016 an tambayi Craig Federighi, shugaban sashen manhaja na Apple, ko goge manhajojin da ke buɗe yana ƙara wa batir ƙarko, ya ce a'a. A 2020 Google ya kori ɗaruruwan manhajoji daga Play Store saboda tallan da ke damun mutane, har da na kamfanin Cheetah Mobile mai Clean Master, wadda a lokacin da wuya ka ɗauki waya a kasuwa ba ka gan ta ba. Daga Android 14 kuwa an toshe ƙofar gaba ɗaya, wata manhaja ba ta da ikon kashe ayyukan wata. Ma'ana a sabbin wayoyi tsintsiyar ko sharar ƙaryar ma ba ta iya yi, sai zanen roka da talla. Amma har gobe ana tura wa bayin Allah ita ta Xender a karɓi kuɗinsu.

A nan ne tsoronka yake da gaskiya, sai dai ba ta inda abokinka ya nuna ba. Manhajar da aka turo maka daga wayar wani ba ka san wanda ya taɓa cikinta ba. Irinsu sukan nemi izinin karanta tes, da izinin bayyana a saman sauran manhajoji, da izinin nan da aka tanada domin taimakon makafi da masu lalura, wanda ke ba manhaja damar ganin abin da ke fuskar waya har ta danna da kanta. Me mai shara zai yi da tes ɗinka? Ta tes banki ke turo maka lambar sirrin tabbatar da ciniki. Ban ce lallai taka ɓarauniya ce ba, ban gan ta ba. Na ce an ba kura ajiyar nama, ko ba ta ci ba yau bai kamata ka yi barci ba. Ka cire ta yau ɗin nan. Idan ta ƙi fita, duba jerin masu ikon gudanar da na'ura a cikin saitin tsaro, ka ƙwace mata ikon sannan ka goge. Bayan nan ka canja lambar sirrin bankinka, ka duba bayanan shige da ficen kuɗinka na 'yan makonnin nan.

Shokin kuwa kada ka yarda. Batirin lithiyam ba na mota ba ne. Kowane batirin waya yana da iyakar da ake cajinsa, wajen volt 4.2 zuwa 4.4, kuma jona masa wuta kai tsaye ana tsallake allon kariyarsa hanya ce ta kumburi da gobara. Batirin da ke kai ka yini ba matacce ba ne ballantana a ce za a farfaɗo da shi.

Akwai mai laifi na biyu da nake zargi, tunda ƙauye kake: raunin sabis. Wayar da ke nesa da ƙarfen sabis ɗaga murya take yi kafin a ji ta, kuma idan sabis yana zuwa yana ɗaukewa sai ta kwana tana lalube, daga 4G ta faɗa 3G ta faɗa 2G ta dawo. In layi biyu gare ka, aikin ya ninka. Ɗakin da aka rufa da kwano ya ƙara dagula lamarin.

Ga yadda za ka gane mai laifin ba tare da ka biya kowa ko sisi ba. Bayan ka goge manhajar, daren farko ka saka wayar a yanayin jirgin sama, ka rubuta kason cajin, ka ajiye ta a kan tebur. Ba ƙarƙashin filo ba, domin zafi yana tsufar da batir, kuma juyin da kake yi yana motsa ta ya katse mata barci mai nauyi. In da asuba ka ga kashi biyu ko uku kawai suka tafi, batirinka lafiya lau. Dare na biyu ka kunna layi, ka bar data a kashe. In ya zube sosai, sabis ne: kashe layin da ba shi da ƙarfi da dare, ko ka matsar da wayar kusa da taga. Dare na uku ka kunna data, da safe ka shiga saitin batir ka ga wace manhaja ce ta hau sama alhali ba ka buɗe ta ba, ka taƙaita mata aikin bayan fage daga nan cikin saitin. Ita kaɗai, ba kowa da kowa ba.

In kuwa a yanayin jirgin ma ya zubar da kashi ashirin ko talatin, ko ka ga murfin baya ya fara ɗagawa, to batirin ya gaji, canji yake so. Ka je wurin wanda zai saka maka sabo a gabanka. Kuma idan ya miƙo hannu zai tura maka wata manhaja kyauta, ka karɓe wayarka.