Kallon fim a gaban suruki

Ɗana, saƙonka ya iso. Wai in ka je gaida surukinka ka tarar ana kallon fim a falo, ya ce ka zauna, ka zauna ne ko ka fita? Da aka karanta mini sai da na yi dariya, daga baya kuma jikina ya yi sanyi, don ban taɓa zaton zan ga zamanin da za a yi wannan tambaya ba.

Mu kallonmu na farko majigi ne. Ina ɗan shekara goma, bayan an gama kaka, sankira ya zaga gari ya ce motar majigi na tafe. Kwana uku ba mu da zance sai shi. Ran da ta zo aka kafa farin allo a ƙofar gidan dagaci, aka ta da inji bayan sallar isha'i. Mu yara muna gaba a ƙasa, maza a kan tabarmi, mata can baya, masu rake da gyaɗa sun kunna aci-balbal a gefe. Har yau ina ganin ƙwarin da ke yawo cikin hasken nan. Noman auduga ake nunawa, wani na bayani da lasifika, amma mu ko a jikinmu, hoto dai yana motsi.

Baffa, wato kakanka, ya fi kowa ɗokin abin. Da wuri ya shimfiɗa buzunsa. Ba a yi nisa ba sai ga mahaifin Inna ya dogaro sanda ya iso. Baffa ya tsuguna ya gaishe shi, kai a ƙasa, ya miƙa masa buzun, ya ɗauki takalmansa a hannu ya yi gida. Bai dawo ba. Da safe na tambayi kakarmu ko faɗa suka yi. Ta ce, “Ido wa ka raina? Wanda nake gani yau da gobe. In suruki ya ga haƙoranka a waje sau biyu, na uku ba zai ga girmanka ba.” Ka lura, auduga ce fa a allon.

Da na shigo Kano na tarar sinima kanta abin kunya ce. Manya ba su daina zancen gobarar sinimar El-Duniya ta 1951 ba, wadda ta ci mutum sama da 300, kuma saurayin da aka gani a ƙofar sinimar Plaza sai ya sha wuya kafin a ba shi mata. Daga 1990 da aka yi fim ɗin Turmin Danya, kaset ya kawo abin har tsakar gida, yanzu kuma yana aljihun kowa.

Ba na ƙin fim, ina kalla. Amma waɗannan manyan fina-finan da ake kashe wa kuɗi suna gajiyar da ni: gidan bene, motoci, amarya ta zauna kujera ɗaya da uwar mijinta tana mayar mata da magana, sai kuma a ɓarke da rawa. A gidan wa ake haka? Hukumar tace fina-finai ta Kano tana nan tun 2001, amma ba ita za ta koya wa mai shirya fim yadda ake tsugunawa ba. Kwanan baya ƙanwarka ta nuna mini wani gajere a waya, wasu yara ne suka yi da ɗan abin hannunsu, a kan mace mai takaba. Kusan ba magana a ciki, sai tsintsiya da carbi da sallamar masu gaisuwa. Na tuna Inna, na kasa gama shayina. Shi kam mutum 500 ma ba su kalla ba, kuma ku ne ba ku kalla ba.

Ka faɗa mini, wane iri suke sawa a gidan? Shi kuma Alhajin, surukin naka, in an fara waƙa yana zaune ne ko tashi yake? Ka gaida iyalinka.